Kawu, Wanda Ya Riƙe Mana Muryar Kaka

Ranar Talata bayan azahar Kawu ya cika, kafin magariba an kai shi makwancinsa. Washegari layin gidansa a unguwar Abena ta N'Djamena ya toshe. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi har gaban shagon mai gyaran babur, masu kalando, wato 'yan acaɓa, sai ta bayan layi suke zagayawa da fasinjojinsu. Ni ina cikin gida wurin mata, kusa da matarsa, kuma ba zan ɓoye ba, kukana bai hana ni kallon mutane ba. A wurinsa na koyi wannan hali, don haka ba na jin zai riƙe ni da shi.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda kowane rukuni na masu gaisuwa yake da nasa mamacin. Danginmu na unguwar Bololo, mahauta da 'ya'yan mahauta, suka zo suka ce Allah ya jiƙan ɗan'uwa, suka shafa, suka sha shayi a tsaitsaye suka koma kan teburansu. Ɗalibansa suka zo, wasu da furfura, wasu da tumbi, suna tsayawa a ƙofar ɗakin matarsa hannu a baya suna cewa metir, wato malam da Faransanci, ya tafi. Ɗaya daga cikinsu, babban ma'aikaci ne da direba ke jiransa a waje, idonsa ya faɗa kan kujerar Kawu a gindin darbejiya, sai na ga ya gyara wuyan rigarsa bai ma san ya yi ba.

Sannan ga matan kasuwa, waɗanda ba mu san ko ɗaya a cikinsu ba. Larabawa, Kanembu, matan kudu, sun shigo cikin lafaya suna cewa kalawada, gaisuwar mutuwa ke nan a Larabcin garin nan. Su ba metir suka rasa ba, Ajuz suka rasa, wato tsohuwa. Sai su yi kuka, can wata ta raɗa wa wata magana, sai ka ga kafaɗunsu na rawa sun toshe baki da gefen lafaya. Ban taɓa ganin zaman makokin da dariya ta yi ta leƙowa haka ba.

Wajen hantsi Inna ta shigo. Inna mahaifiyata ce, yayar Kawu ciki ɗaya, kuma rabonta da taka ƙofar gidan nan shekara ashirin da 'yan kai. Ta tsufa yanzu. Ta shigo hannun hagu dafe da ƙugu, tana ɗan jan ƙafar dama, kanta a karkace kamar mai sauraron wani abu a nesa. Matan nan suka yi tsit. Ɗaya ta ce a hankali, "Di hi, wallahi di hi," wato ita ce. Wata dattijuwa ta taso ta kama hannun Inna da hannu biyu, tana hawaye tana murmushi.

Inna ta zare hannunta ta zauna. Da ta gama yi wa matarsa gaisuwa sai ta karkato wajena.

"Uwata, me matan nan suke kallo a jikina?"

Na ce gaisuwa suke mata. Na san abin da suke kallo sarai. Shi ne abin da ya raba ta da ƙanenta, kuma ina da hannu a tsawon wannan rabuwa, hannun da ita ba ta san da shi ba a ranar. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a manta da Kawu, kada kuma in manta da nawa.

Mu jikokin matafiya ne. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa da amaryarsa za su Makka a ƙasa, suka yada zango a nan don ya yi fawa ya ƙara guzuri. Zangon ne har yau ba a tashi ba. Ya rasu Inna na da shekara goma sha biyu, Kawu na da shida. Kaka ta yi shekaru bayan mijinta, ta rasu kafin a haife ni, aka sa mini sunanta, shi ya sa daga Inna har Kawu babu mai kirana sai da Uwata. Ba ta bar hoto ba. Abin da aka sani game da ita shi ne har ta koma ga Allah Larabci bai zauna a bakinta ba, kuma ba ta taɓa yarda cewa N'Djamena gida ba ne.

Kawu ya kamata ya gaji wuƙa, to amma Allah ya yi shi da tsoron jini. An ce ranar da baffanninsa suka fara kai shi mayanka, su suka dawo da shi a kafaɗa. Inna ce ta kama hannunsa ta kai shi lakwal, makarantar Faransanci, baffanni na faɗa tana tafiya. Daga baya, in ranta ya ɓaci, takan ce ba ta da wanda za ta zarga, da ƙafarta ta kai shi.

Na yi shekara guda a ajinsa a Kabalaye. Ranar farko na ce masa Kawu, ya dubi bayansa, ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ce bai ga kowane kawu a ɗakin nan ba, ko akwai wanda ya gani? Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kowace safiya kafin ya taɓa alli sai ya buɗe taga ya ce mu kalli titi. Bayan ɗan lokaci ya rufe ya tambaya: matar da ta wuce da ƙwaryar nono, wace ƙafa ce take mata ciwo? Mutumin da ke kan keke, daga gida ya fito ko gida zai koma? Ka ba da amsa, ya ce da me ka gane, kuma da Faransanci za ka faɗa. Yakan ce wanda bai iya kallon mutum ba, takarda ma ba za ta yi masa magana ba. Har yau in na shiga asibiti ko tasha, ƙafafun mutane nake fara dubawa.

Ba ya duka. In ka makara ka lallaɓo ka zauna, ba zai ce maka komai ba. Sai ya fita waje, ya sake shigowa da irin tafiyarka, da yadda ka sunkuyar da kai, da yadda ka ja wando, har da kallon da ka yi wa abokinka. Da a yi maka haka gara bulala goma. Amma ban taɓa ganin ya kwaikwayi mai in'ina ko mai ɗingishi ko mai yagaggiyar riga ba. Manya kuwa bai bar su ba. Wata rana yana cikin yi mana sufeton makarantu, yana tura gilashi da ɗan yatsa yana jan hanci, sai ga sufeton a bakin ƙofa. Kawu ya ga mun daskare, ya juya, suka haɗa ido. Bai fasa ba, da muryar mutumin ya ce masa ya shigo mana, aji nasa ne. Sufeton ya daɗe a tsaye, sannan ya tura gilashinsa da ɗan yatsa, ya ankara da abin da ya yi, ya juya ya fita yana dariya.

Kullum akwai alli a aljihunsa, har ranar Juma'a, kuma ba ka rasa farin zane a gefen hularsa. Bai taɓa shanye shayinsa ba, domin kafin ya kai rabi wani ya gifta ya ɗauke masa hankali. A wurin biki ba ya shiga hira, yakan zauna a gefe yana motsa leɓe. Matarsa ta ce shekarar farko ta ɗauka wuridi yake yi, ashe maganar mutane yake gwadawa a bakinsa.

Akwai wani tsoho maƙwabcinsu, Bafulatani, tsohon dillalin shanu, da ido ya tafi hankali kuma ya soma binsa. Ya kafe ba zai ci abinci ba sai yayansa ya zo, yayan kuwa ya daɗe a ƙasa. Kawu ya san yayan tun yana raye. Sai ya riƙa biyawa kullum in ya taso daga lakwal, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi irin gyaran muryar mamacin, ya shiga yana faɗa da Fulatanci cewa wane irin babban banza ne zai zauna da yunwa. Tsohon sai ya ce to, Hamma, ya miƙa hannu. Haka aka yi wajen shekara biyu. Limamin layin ya tare Kawu ya ce masa wannan fa ƙarya ce, kuma ƙarya ba ta da ƙarama. Kawu ya rusuna ya ce gaskiya ne, Allah gafarta Malam, gobe Malam ya zo ya ba shi tuwon da gaskiya. Liman bai zo ba, bai kuma sake tayar da maganar ba.

Wasan kwaikwayo, tiyatir kamar yadda ake cewa a nan, da abokansa malamai suka fara shi a farfajiyar makarantu. Danginmu ba su so ba, amma sun kau da kai, tunda alƙali yake fitowa ko ɗan kasuwa mai ha'inci. Rigima ta zo ne ranar da ya je Bololo ya roƙi Inna zanen Kaka, wani baƙin saƙi da take ajiye da shi a ƙasan akwati. Ya ce yana so ya ɗan zauna kusa da shi. Ta ba shi, har da hawayenta.

Bayan kamar wata guda Inna ta je cefane. Tana cinikin tumatir sai mai tumatirin ta dafe ƙugu, ta yi wani ɗan tari sau biyu, ta ce da maƙwabciyarta cikin karyayyen Larabci, "Derib da mashi sabah?" wato hanyar nan gabas ta nufa? Layin ya ɗauki dariya. Inna ta ce nan take ta gane tarin uwarta ne, kuma tambayar da uwarta take yi wa duk direban da ta gani ke nan. Ta tambayi matar inda ta samo wannan. Aka ce ai Ajuz ce, tsohuwar Bahaushiyar da metir yake fitowa, duk gari ita ake yi. Inna ta ajiye tumatirin ta nufi Abena a ƙafa.

Matar Kawu ce ta ba ni labarin abin da aka yi, tana bakin murhu ta ji komai. Inna ko zama ba ta yi ba.

"Uwarmu tana kwance a kabarinta, ka tono ta kana yawo da ita kasuwa?"

"Yaya, ki zo ki gani sau ɗaya. Gani ya kori ji."

"Abin da na ji ya ishe ni. Larabcin da ta sha kunya a kansa tana raye, shi ka mayar abin tafi. Da zanenta kuma, da na ba ka da hannuna."

Ta ce ya daina. Ya shiga ɗaki ya ɗauko zanen a ninke ya miƙa mata da hannu biyu, amma bai ce zai daina ba. Washegari ya sayi wani ya kai marina. A nan ba zan wanke shi ba. Ya yaudare ta a kan zanen, kuma Kawu yana son tafi, yana sonsa ƙwarai, in ya sauko daga dandali fuskarsa har sheƙi take. Taurin kai kuwa nono ɗaya suka tsotsa. Ita ta rantse ba ta ƙara shiga gidansa, ta kuma ce duk wanda ya je kallon abin nan daga gidanta, ba ita ba shi. Shi kuma kowace Sallah sai ya zo zauren gidanmu ya yi sallama ya ce Yaya, barka da Sallah. Ta amsa daga cikin ɗaki, ta ba ni abinci in kai masa, ba ta fito ba.

Ina kusa da shekara ashirin wata ƙawata ta ja ni, ni ma dama abin yana cina. Ina so in ga matar da nake ɗauke da sunanta. Bayan la'asar ne, a farfajiyar wata makaranta a Kabalaye, an harhaɗa tebura an yi dandali. Na rufe fuska na tsaya a baya.

Da Ajuz ta fito ban ga Kawu ba ko kaɗan. Wata 'yar tsohuwa na gani da ƙunshi a ka, hannu a ƙugu, tana jan ƙafa. Ta yi ciniki da mai gawayi, rabi Larabci rabi Hausa, duk inda kalma ta ƙwace mata sai ta cike da tsaki. Aka kawo mata tallan gado ta ce matafiyi ba ya sayen gado, jibi za su tashi. Aka ba ta dashen mangwaro ta ce wa zai zauna jiran 'ya'yansa. Duk motar da ta wuce sai ta tare ta da tambayar nan, mutane na taya ta faɗa. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, ina yi ina jin kunyar Inna.

Sai can wani direba ya tsaya ya ce mata e, gabas za shi, ta Abeshe har Sudan, kuma akwai wuri, ta hau. Ta gyara ƙunshinta ta yi taku uku. A gefen dandalin akwai wani benci da aka lulluɓe da tabarma, tun farko an nuna mana kabarin mijinta ne. Ta tsaya a kansa. Sai ta yi magana da Hausa zalla, a hankali, ba da kowa ba.

"To shi Malam wa zan bar wa shi? Tare muka fito."

Ta sauke ƙunshin, ta zauna a ƙasa, ta soma kwance ƙullin da tun farkon wasan take hana kowa taɓawa. Direba ya yi ta kira har ya gaji ya tafi. Yawancin mutanen wurin ba sa jin Hausa, amma babu wanda ya yi ko tari. Matar da ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce me ta ce, ni kuwa idona na kan tsohuwar.

Ashe Kawu ya gan ni, duk da rufe fuskar. Ya aiko aka kira ni bayan wani aji, na same shi yana goge toka daga girarsa. Ya tambaye ni ko na ga mai sunana, na gyaɗa kai. Ya ce, "To ki gaya wa Yaya abin da kika gani. Duka, Uwata, har ƙarshe." Na ce to.

Ban gaya mata ba. Na shirya maganar a hanya, na shiga gida na ga fuskarta, na tuna rantsuwarta, na haɗiye. Na ce gobe. Da Sallah ta zo na kai masa abinci zaure, ya bari na ajiye sannan ya tambaya ƙasa-ƙasa ko na gaya mata. Na ce na gaya mata. Ya ce me ta ce. Na ce ba ta ce komai ba. Ya daɗe yana kallon kwanon, ya ci loma biyu, ya yi godiya ya tafi. Bai sake tambayata ba har ya bar duniya.

Shekara da shekaru ina lallashin kaina da cewa ai ya gane. Mutumin da yake sanin ƙafar da ke ciwo daga taga, ƙaryar yarinya ce za ta wuce shi? Na ce ya gane ya rufa mini asiri ne kawai. Na yi aure, na haihu, ya yi wa 'ya'yana huɗuba, ya ajiye alli, ƙafa ta hana shi hawa dandali, maganar tana nan inda na bar ta. Da ya kwanta ciwo Inna ta riƙa dama kunu tana ba ni in kai. Ta ce mini ranar Juma'a za ta je da kanta. Bai kai Juma'ar ba.

Ranar sadakar uku matarsa ta riƙe hannuna tana sa mini albarka. Ta ce ni kaɗai na yi ƙoƙari a tsakaninsu. Ta ce ranar Sallar nan da ya dawo daga Bololo ya zauna a bakin gado bai cire hula ba, ya ce mata Yaya ta ji ƙarshen, ba ta so, shi ke nan. Tun daga ranar ya daina sa rai. Tana faɗa tana shafa bayan hannuna, ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Bayan sadakar bakwai na je Bololo da safe. Na sami Inna a tsakar gida tana yanka kuɓewa, na ɗauki wuƙa na zauna. Mun yi nisa da yankan, sai ta ce ta gane abin da matan nan suke kallo, ba yarinya ba ce ita. Ta ce kwana bakwai ke nan tana neman muryar uwarta a kanta ta rasa. Fuskar tana zuwa, muryar ba ta zuwa. Da Kawu yana raye ba ta damu ba, ta san tana wurinsa ko da ba ta so.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce mata na taɓa ganin wasan. Na jira faɗa, bai zo ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Yi mini."

Na miƙe ina jin nauyi, na dafe ƙugu, na yi tambayar gabas ɗin yadda na tuna. Ta girgiza kai tun ban rufe baki ba. Ta ce ba haka ba ne, Kaka ba ta ɗaga murya a ƙarshe, kuma tari take fara yi. Sai ta ajiye wuƙar, daga zaune, ta yi tarin sau biyu, ta karkata kai ta faɗa. Abin da na ji a Kabalaye ne, babu ragi babu ƙari. Ita ma ta ji, domin ta kai hannu ta taɓa maƙogwaronta.

"Daga nan sai su yi ta dariya," in ji ta.

Na ce suna yi, amma ba har ƙarshe ba. Na ba ta labarin direban, da taku ukun, da bencin da aka lulluɓe. Na faɗi maganar da tsohuwar ta yi da Hausa. Ban kai ga kwance ƙunshin ba Inna ta ɗaga mini hannu.

Ta ce wannan ba wasa ba ne, an yi shi. Shekarar da kakanmu ya rasu wasu 'yan garinsu suka biyo da mota za su gabas, suka ce Kaka ta zo da yaran. An ɗaure kaya, an fitar ƙofar gida. Kaka ta tsaya a tsakar ɗaki ta faɗi maganar nan, ta zauna. Inna ta ce su biyu ne a ɗakin, Kawu yana bakin ƙofa yana wasa da ƙasa, ba ta taɓa zaton ya ji ba. Ba su taɓa tayar da zancen ba, ko sau ɗaya.

Hawayenta suka riƙa sauka kan kuɓewar. Sannan ta ce, "Me ya hana shi gaya mini?"

"Ya aiko ni, Inna. Ranar da na gani ya ce in gaya miki har ƙarshe. Na ji tsoro."

"Da bai ji amsa ba fa?"

"Ya tambaye ni. Na ce masa na gaya miki, ba ki ce komai ba."

Ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonta ba, babu fushi a ciki, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce ashe duk Sallar da yake zuwa yana gaishe ta daga zaure, yana zaton ta sani. Na ce haka ne. Na durƙusa na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Nawa na yafe, Uwata. Ni na kafa miki tsoron. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba, ni ma nema nake."

Ta share fuska da gefen zane, ta ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. Rabon da in ji ta ce ƙanena tun ina budurwa, ranar ta faɗa har sau uku. Ta roƙa masa sanyin kabari, da haske, da haɗuwa da iyayensa a inda babu sauran tafiya. Na yi ta cewa amin. Tawa addu'ar guda ce, ita nake yi bayan kowace salla tun daga ranar: Allah ya jiƙan Kawu, ya sanar da shi cewa Yayarsa ba ta sani ba.